Mikin Ƙaramar Tiyata: Basilin Ya Wadatar, Bayani Ne Ya Yi Ƙaranci

Ƙaramar tiyata aiki ce ta minti ashirin ko talatin. A cire ƙullutun kitse a gadon baya, ko a yanke tsiro a wuya, ko a ɗebi ɗan yankin fata a kai ɗakin gwaji, a ɗinke, a rufe da auduga da filasta, a sallami mutum. Abin da ya rage kuwa, wato jinyar kwana bakwai zuwa sha huɗu, a gida ake yin ta, a hannun marar lafiya da iyalinsa. A nan ne ake ɓata aikin da likita ya gyara, kuma yawanci da kyakkyawar niyya ake ɓata shi.

Tunanin da ya kafu a zukatan jama'a shi ne miki ba ya warkewa sai ya sha iska ya bushe ya yi ɓamɓaroki. Saboda haka da an isa gida sai a cire abin da aka rufe shi da shi, a bi shi da sifirit ko aidin ko jibi, wani ma ya ɓare kafso ya barbaɗa garin a kai. Bincike ya daɗe da rushe wannan tunani. A shekarar 1962 wani masani ɗan Ingila, George Winter, ya wallafa sakamakon gwajinsa a mujallar Nature, inda ya nuna cewa raunin da aka rufe ya zauna da damshi yana yin sabuwar fata da sauri ƙwarai fiye da wanda aka bari a buɗe. A jikin dabbobi ya yi gwajin, amma a 1963 Hinman da Maibach suka tabbatar da shi a jikin mutane. Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Ƙwayoyin halittar fata daga gefen miki suke rarrafowa su haɗe a tsakiya. Idan wurin yana da damshi sai su bi ta sama kai-tsaye. Idan kuwa ɓamɓaroki ya toshe hanya, dole su nutsa ta ƙarƙashinsa suna neman inda ke da laima, tafiya ta yi tsawo, tabo kuma ya fi fitowa. A ƙasar da iskar hunturu ke tsaga leɓe da diddige, barin miki a buɗe ya fi muni, ga kuma ƙura.

To, in damshi ake nema, wane mai ya kamata a shafa? A nan ne ake tafka kuskure na biyu, kuma wannan karon har da wasu ma'aikatan lafiya a ciki. An ɗauka cewa man da ya dace da miki dole ya ƙunshi maganin kashe ƙwayoyin cuta. A 1996 mujallar JAMA ta ƙungiyar likitocin Amurka ta buga wani gwaji da aka yi a asibitin sojoji na Walter Reed, wanda aka shigar da marasa lafiya 922 da aka yi wa ƙaramar tiyatar fata. An raba su biyu: wasu suna shafa farin basilin zalla, wasu suna shafa man basitirasin. Mutum tara ne mikinsu ya harbu a rukunin basilin, huɗu a ɗaya rukunin, bambancin da masu binciken suka nuna bai kai a kafa hujja da shi ba. Amma mutum huɗu daga masu shafa basitirasin fatarsu ta yi borin ƙin maganin, alhali ko mutum ɗaya bai yi ba a cikin masu basilin. Lokacin warkewa kuma bai bambanta ba. Ma'ana, amfanin da ake gani a man magani na maiƙon ne, wanda yake riƙe damshi. Shi ya sa a 2013 kwalejin likitocin fata ta Amurka ta shawarci mambobinta da su daina rubuta irin waɗannan mayuka a kan tsaftataccen mikin tiyata ba tare da dalili ba.

Wannan bori na fata yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Niyomaisin, wanda yake cikin mayuka da yawa da ake sayarwa a kemis, yana daga cikin magungunan da suka fi jawo shi. Wurin sai ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, ya riƙa tsattsafo da ruwa. Mai jinya ya ga haka sai ya ce miki ya harbu, ya ƙara lafta man da ya jawo matsalar. Mafi hatsari su ne mayukan nan masu haɗi uku da suka cika kasuwanni, waɗanda suka haɗa maganin ƙwayoyin cuta da na makero da kuma sitirod mai ƙarfi. Sitirod yana kwantar da ja da ƙaiƙayi, har a zaci sauƙi ya samu, alhali yana jinkirta haɗewar nama, yana kuma ɓoye alamun harbuwa.

Akwai kuma asarar da ta wuce mutum ɗaya. Duk lokacin da aka shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta inda ba a buƙatarsa, ana koya wa ƙwayoyin yadda za su jure masa. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a 2019 sakamakon ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da adadin jama'a. Al'ummar da take cikin wannan hali ba ta da rarar maganin da za ta ɓarnatar a kan mikin da basilin ya ishe shi.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Sukan ce gwajin Walter Reed an yi shi ne a inda ruwan famfo yake da tsafta, ba a gidan da ake sayen ruwa a jarka ba, kuma ba a unguwar da ƙuda ke bin miki ba. Gaskiya ne yanayi ya bambanta. Sai dai maganin ƙazanta wanki ne da rufewa, man shafawa ba ya maye gurbinsu. Wanda ya taɓa miki da hannu mai datti, ko wane irin mai ya shafa, ya riga ya kai cuta. Inda hujjarsu ta fi ƙarfi shi ne a kan shi kansa basilin ɗin. Na gwangwanin da duk gida ke tsoma yatsa a ciki, ko mai turare da launi, ko wanda ake aunawa a kasuwa, bai dace da miki ba. Sabo ake so, fari, marar ƙamshi, a keɓe shi don mikin kaɗai, a riƙa ɗiba da tsinken auduga mai tsafta.

Tsarin kuwa gajere ne. A bar rufin farko kwana ɗaya ko biyu, gwargwadon umarnin likita. Daga nan kullum a wanke hannu da sabulu, a wanke wurin a hankali da ruwan da aka tafasa ya huce, a tsane shi, a shafa basilin kaɗan, a rufe da sabon bandeji. Zaren fuska akan cire shi cikin kwana biyar zuwa bakwai, na baya da ƙafa yakan kai kwana goma zuwa sha huɗu. Ba kowane rauni ne wannan ya shafa ba: wanda aka manne da gam na tiyata maiƙo yana saki da shi, marurun da aka tsaga da cizon dabba da ƙuna suna da nasu hukunci, mai ciwon suga kuma yana buƙatar sa ido na musamman. Idan zafi ya riƙa ƙaruwa bayan kwana biyu maimakon raguwa, ko ja da kumburi suka fara yaɗuwa, ko mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya sauka, asibiti za a koma. Harbuwa ta gaskiya ba man kemis ke maganinta ba.

Laifin rashin bin wannan tsari bai kamata a ɗora shi duka a kan marar lafiya ba. Mutumin da aka yanka aka ɗinke, sannan aka ce masa ya je ya shafa basilin, yakan ji kamar an raina ciwonsa, don an saba cewa araha ba ta ado. Daga ƙofar asibiti sai ya zarce kemis, inda za a ba shi abu mai kwali da tsada. Minti biyu na bayani da Hausa zai hana wannan, a gaya masa dalilin damshi, a nuna masa bambancin mugunya da ɗan ruwan ɗorawa-ɗorawa da lafiyayyen miki yake fitarwa. Takardar sallama, in ma an bayar, galibi da Ingilishi take. Sassan nazarin Hausa da kwalejojin koyon likitanci suna zaune a jami'a ɗaya a Zariya da Kano da Sakkwato, kuma shafi guda na umarnin kula da miki, a boko da ajami, aiki ne da malaman ɓangarorin biyu za su iya gamawa a zama ɗaya.