RA'AYINMU: MADATSAR ALAU, WA ZAI AUNA, WA ZAI FAƊA?

A daren Litinin 9 ga watan Satumba 2024, wayewar garin Talata, ruwan madatsar Alau ya ɓalle ya afka wa birnin Maiduguri mutane suna barci. Ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'a, ya rushe katangar gidan yari, har namun dajin gidan zu bai bari ba. Gwange da Fori da Gamboru da Tsohuwar Maiduguri duk sun sha. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ce mutanen da abin ya shafa sun kai miliyan ɗaya. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, a Agege da Idi-Araba da Mile 12, a Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal, sun kwana a zaune a wannan dare, waya a hannu, suna neman labarin iyaye da iyali. Waɗansu kuwa gidan da suka yi shekara goma suna aika kuɗin bulo da kwano don gina shi, shi ne ya zauna cikin laka.

Ƙaddara gaskiya ce, mun kuwa yi imani da ita. To, amma Allah da ya saukar da ruwa shi ya ba ɗan Adam hankalin aunawa. An gama madatsar nan a 1986, a kan kogin Ngadda, kamar kilomita 20 daga birni. A watan Satumba 1994 ta yi ambaliya ta ci garin. Shekara talatin cif bayan haka, a cikin watan nan dai, ta sake. Kwanaki kaɗan kafin ɓarnar ta biyu jami'an gwamnati sun je sun duba, suka dawo suka ce wa jama'a kada kowa ya tayar da hankalinsa. Bayan ruwa ya janye ne jaridu suka tono cewa shekara da shekaru sunan madatsar yana fitowa a kasafin kuɗin Tarayya da sunan gyara. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 80 don sake gina ta da inganta ta. Wannan kuɗi shi ne dalilin sharhinmu na yau, domin kuwa kuɗin talaka ne, kuma ƙasar Borno ta riga ta ga yadda ake binne dukiya a cikin aikin da ba wanda ya tsaya ya auna ƙarkonsa.

Bari mu tuna wa matasa abin da iyayensu suka gani da ido. A 1973 Gwamnatin Soja ta Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, aka sa hedkwatarta a Maiduguri. Babban aikin da aka ɗora mata shi ne noman rani na Kudancin Chadi, a ƙasar Marte. Niyyar ita ce a shayar da fili hekta 67,000, a noma alkama da rani, shinkafa da damina, a zaunar da iyalai dubbai. Aka haƙa wata doguwar hanyar ruwa daga bakin tafki, aka kafa manyan injunan tura ruwa, aka gina tashar lantarki mai shan man dizal don ta juya su, aka kafa sabon gari sukutum, watau Sabon Marte. Kuɗin man fetur na ta shigowa a lokacin, ba wanda ke tambayar nawa aka kashe. A 1979 aka buɗe kashin farko da kaɗe-kaɗe da jawabai.

Ashe tun kafin a yanka ƙyallen buɗewa tafkin ya riga ya fara ja da baya. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya raba shi gida biyu, na 1984 kuma ya ƙarasa shi, har abin da ya rage na buɗaɗɗen ruwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Bakin hanyar ruwan da aka kashe miliyoyi a kanta ya zauna a kan busasshiyar ƙasa, tafki yana can nesa. Injuna suka yi shiru, tsatsa ta kama su. Ko a shekarar da aka fi sa'a, filin da aka shuka bai kusanci abin da aka rubuta a takarda ba. Yau idan aka ta da maganar sai a ce ai rikicin Boko Haram ne ya tashi Marte. Haƙiƙa ya tashe ta, kuma ɓarnarsa ba ta misaltuwa. Amma aikin ya daɗe a kwance kafin a harba harsashi na farko, kada yaƙi ya zama bargon da za a lulluɓe wancan kuskure da shi.

Abin takaicin shi ne ba a rasa labarin halin tafkin ba. Tun a farkon ƙarni na ashirin wani hafsan Faransa mai suna Tilho ya auna shi, ya rubuta yadda ɓangaren arewa ya ƙafe a wajajen 1908. Tsofaffin masunta na Baga da makiyayan Shuwa sun san ruwan nan yana zuwa yana komawa, domin kusan dukkansa daga kogunan Shari da Logon yake fitowa, can kudu mai nisa, inda ba mu da iko da damina. Masu tsara aikin suka ɗauki ma'aunin shekarun yalwa na 1960 da 'yan kai suka gina lissafinsu a kansa, kamar mutumin da ya ga kasuwa ranar jajibirin Salla ya ɗauka kullum haka take ci. Tambaya ɗaya tak, wato ina za a sami ruwa in tafki ya koma yadda yake a 1908, da an yi ta kuma an saurari amsarta, da an tsirar da dukiya mai yawa.

A ƙasar nan muna da hanya ɗaya ta auna aikin gwamnati, kuma soja da farar hula duk sun bi ta, ba mu cire kowace jam'iyya ba, har da tamu. Ana tambaya nawa aka ware, nawa aka saki, kashi nawa cikin ɗari aka kammala, yaushe mai girma zai zo buɗewa. Da zarar an yanka ƙyalle an rufe fayil. Ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa, injiniya ya sami canjin wurin aiki, ɗan siyasa ya sa hoton a takardar neman ƙuri'a. Alhali kuwa ranar buɗewa ita ce ranar da rayuwar aiki take farawa. Duk wanda ya taɓa sayen tsohuwar mota a Ladipo ya san ba a yabon ta a ranar da aka biya kuɗi. Sai ta je Kano ta dawo sau goma tukuna.

Ma'aunin da muke nema a Alau ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Madatsa tana tsufa kamar mutum. Kowace damina kogi yana kawo yashi da laka ya zube a cikinta, cikinta yana ƙara cikewa, ruwan da za ta iya riƙewa yana raguwa, har ranar da ruwan da a da take shanyewa cikin sauƙi zai fi ƙarfinta. Ana iya auna wannan laka da kwalekwale da igiya ma, balle da na'urorin zamani. Ana iya auna ruwan da ke tsatsafowa ta ƙarƙashin bango, a san ko yana ƙaruwa. Ana iya buɗe ƙofofin sakin ruwa da rani a ga ko suna motsi, maimakon a jira tsakar dare a watan Satumba. Waɗannan lambobi muke so a riƙa bugawa kowace shekara kafin faɗuwar damina, da Kanuri da Hausa da Turanci, a karanta a gidan rediyo, a liƙa a ƙofar Lawani da Bulama, da sunan jami'in da ya sa hannu. Lambar da aka kulle a aljihun tebur a Abuja ba ta taɓa ceton kowa a Gwange ba.

Sannan a auna alkawari. An gina Alau don abu biyu: ruwan sha na Maiduguri da noman shinkafa a fadamar Jere. A faɗa mana gida nawa famfonsu ke kawo ruwa, kwana nawa a mako, domin mazauna Tsohuwar Maiduguri sun fi sanin mai tura kurar ruwa da kan famfon gwamnati. A faɗa mana hekta nawa aka shayar a Jere, buhu nawa aka girbe. Kafin a tare Ngadda, ambaliyarsa ce take malala a fadamar nan ta shayar da shinkafa ba tare da an biya ko kwabo ba. Idan madatsa ta riƙe wannan ruwa, kuma hanyoyin da za su kai shi gona ba su kammala ba, to manomin Zabarmari ya yi biyu babu, kuma dole a rubuta wannan a shafin hasara. Mutanen Zamfara sun san wannan karatu tun daga Bakolori, inda a 1980 aka zubar da jinin manoman da suka fito neman diyyar gonakinsu. Mutanen Haɗeja da Nguru sun san abin da Tiga ta rage musu na ruwan fadama bayan 1974.

Akwai kuma kuɗin riƙo, wanda kullum shi ake mantawa. Sabon gini yana da masu so, domin a nan kwangila take. Man shafa wa ƙofar ƙarfe da albashin mai gadin ma'auni ba su da uban gida. Muna kira ga wakilan Borno a Majalisar Tarayya su tsaya kai da fata a rubuta kuɗin kula da madatsar na kowace shekara a cikin doka, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai aikinsa ya ga damina uku ko huɗu. Mai ginin da ya san kuɗinsa na jiran hukuncin ruwan Satumba ba zai rage siminti ba.

Game da sababbin dabaru kuwa, an saba a ƙasar nan a ɗauka sabuwar dabara ita ce babban inji daga Turai. Ƙasar Borno ta nuna akasin haka. Lokacin da injunan Marte suka tsaya, manoma ba su zauna jiran hukuma ba. Suka bi ruwan, suka shiga ƙasan tafkin da ya janye, suka shuka masara da wake a kan danshi, ba famfo ba taki, har waken nan ya riƙa cika motoci zuwa kasuwannin da ku masu karatu kuke ciniki a cikinsu. Tun kafin zuwan Bature manoman ƙasar firgi suke dashen masakwa bayan damina, dawar da take nuna da raɓa da danshin baƙar laka kawai. A shekarun 1990 kuma ƙaramar rijiyar burtsatse da ɗan injin ban ruwa, wanda mutum ɗaya zai ɗauka a kan babur, suka canza noman fadama a Arewa fiye da yadda manyan ayyuka da dama suka yi, ga shi yanzu hasken rana ya fara maye gurbin fetur a kansu. Duk waɗannan dabaru suna da hali ɗaya: in ruwa ya gusa suna iya binsa, in sun lalace makanikin ƙauye yana iya gyarawa. Hukumar da take son sabon tunani sai ta fara gwaji kaɗan-kaɗan, a shekarar yalwa da shekarar fari, ta ajiye manomi da masunci a teburin shawara tun ranar farko, ba ranar rabon goro ba.

Wani abu kuma da ke kashe dabara a ma'aikatunmu shi ne tsoro. Ƙaramin injiniya da ya ga tsaga a bango yakan yi shiru, don ya san mai kai mummunan labari shi ake fara turawa ƙauye. Ba a gina ingantaccen aiki a inda faɗin gaskiya yake jawo wa mutum takardar tuhuma. A buɗe hanyar da rahoton irin wannan ma'aikaci zai kai ga kwamitin Majalisa kai tsaye, a kuma saka masa da ƙarin girma in maganarsa ta tabbata. Haka nan gargaɗi: yau kusan kowane gida akwai wayar hannu. A shafa fenti ja da ɗorawa a ginshiƙan gadojin Ngadda yadda ko yaro zai gane, a tsara tun da rani wa zai kira wa in ruwa ya taɓa jan layi, kuma unguwa kaza makarantar kaza za ta nufa. Awa shida na gargaɗi a daren nan da sun isa mutane su fitar da tsofaffi da yara da takardunsu.

'Yan'uwa mazauna Kudu, kada ku ce wannan magana ta mutanen gida ce. Kuɗin da kuke aikawa shi ke gina unguwannin nan, kuma duk ranar da gonar Jere ko kifin Baga ya gaza, ku ne farkon masu gani a farashi. Kuna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, kuna da Sarakunan Hausawa da shugabannin Kanuri waɗanda 'yan takara na kowace jam'iyya suke zuwa gaishewa in zaɓe ya matso. In sun zo, bayan an gaisa, a tambaye su zurfin lakar da ke cikin Alau, da ranar da aka gwada ƙofofinta na ƙarshe, da nawa aka ware don kula da ita a bana. Wanda ya ce zai bincika, a ba shi wata ɗaya, a rubuta ranar. Duk amsar da kuka samu a rubuce ku aiko mana, za mu buga ta a wannan shafi yadda take, ko ta ɗan jam'iyyarmu ce.