Kwamfutar da ta farka ba ta tambayi kowa ba, ƙofa ce da aka bari a buɗe

Yau maganar da muka kawo ƙarama ce a ido, amma mun ga tana neman zama ɗabi'a a birorinmu, da shagunan buga takardu, har da cikin gidaje. Mutum zai sayo kwamfuta ta hannu daga Maradi ko Kano, ko ya samu ta wurin aiki, abu na farko da zai roƙi yaron da ya iya na'ura shi ne: "Don Allah cire mini wannan lambar, ta dame ni." Wato yana son in kwamfutar ta yi barci, ya taɓa ta, ta farka kai tsaye ba tare da ta nemi lambar sirri ba. Haka ma waya, a shafa fuska kawai ta buɗe. Mu dai ra'ayinmu a fili yake: wannan sauƙin bai kai abin da ake sayarwa a kansa ba.

Mu fara da yi wa masu cirewa adalci, don ba wauta ce ta sa su ba. Duk wanda ke aiki da kwamfuta a nan ya san halin wuta. Layin da ke ba yankin Maradi lantarki daga Katsina yake zuwa, kuma ba mu manta da watan Agusta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka zauna cikin wahala har CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairu 2024. Tun kafin nan, da bayan nan, tattalin batir ya zama dole. Sai mutum ya sa kwamfutarsa ta riƙa yin barci bayan minti biyu ko uku. To ka ga a wuni guda zai iya buga lamba sau talatin. Ga layin mutane suna jiran takarda, ga zafi, ga allon rubutu na Faransanci da wani lokaci yake juyewa ya koma na Ingilishi, ka buga harafi wani ya fito. Wane ne ba zai gaji ba? Ga kuma dattawanmu da ido ya yi rauni, ko waɗanda boko bai zauna musu ba. Duk mun fahimci wannan.

Sai dai a fahimci abin da ake kira barcin kwamfuta. Ba kashewa ba ne. In ta yi barci, duk abin da ka bari a buɗe yana nan yadda ka bar shi: takardar da kake rubutawa, Facebook ɗinka, akwatin saƙonninka, WhatsApp da ka haɗa da kwamfutar, jerin sunaye, lissafin kuɗi. Fuskar ce kawai ta yi duhu. Lambar da take nema in ta farka ita ce ƙofa ɗaya tak tsakanin waɗannan abubuwa da duk wanda ya zo wucewa. Mutane da yawa suna cewa ai akwai lamba a lokacin kunnawa. To yaushe rabonka da ka kashe ta gaba ɗaya? Yawancinmu rufe murfi kawai muke yi mu tafi salla ko cin abinci. In haka ne, lambar kunnawa ta zama kwaɗon da aka rataye a ƙofar da ba a taɓa rufewa.

Me ake iya rasawa? Na farko kuɗi. Yanzu a Madarunfa, Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma, kuɗin mutane da yawa ba ya cikin aljihu, yana cikin waya. Ana aikawa ta Nita, ta Amana, ta Airtel Money da sauransu, masu fatauci zuwa Jibiya kuma suna da asusun bankunan Najeriya a wayar. Gaskiya ne waɗannan manhajoji suna da tasu lambar. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mutum nawa ne ya rubuta wannan lambar a cikin wayar, a ɓoye ƙarƙashin wani suna a jerin lambobi, ko ya aika wa kansa ita a saƙo don kar ya manta? Kuma ɓarawon zamani ba dole sai ya taɓa asusunka ba. Ya ishe shi ya rubuta wa ƙanenka da ke Libiya ko Abidjan da sunanka, ya ce mama ba lafiya, a turo jikka hamsin ta wannan lambar. Ƙanen zai tura, don daga wayar yayansa saƙon ya fito.

Na biyu, akwai satar da ba a ganin ta. WhatsApp yana ba da dama a haɗa asusu guda da wasu na'urori har huɗu. Wanda ya riƙe wayarka a buɗe na minti ɗaya zai iya haɗa asusunka da tasa na'urar, ya maido maka da wayarka yana murmushi. Daga ranar yana karanta duk abin da ke shigowa, kai ba ka sani ba. Abin lura a nan shi ne, kafin a yi wannan haɗin WhatsApp yakan nemi yatsa ko lambar buɗe wayar. In ka cire lambar, ka cire wannan tambayar ke nan da hannunka. Ku tuna inda wayoyinmu ke wuni: wurin mai caji a kasuwa, a tasha, a kan tabarmar majalisa, a hannun yaron da aka ce ya kira wani. Ba muna cewa masu caji ɓarayi ba ne, mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halal. Amma teburin da waya hamsin ke kai, hannu nawa ke wucewa ta kansa?

Na uku, suna da mutunci, har da ƴancin mutum. Ƙasarmu tana da dokar laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019. A watan Yuni 2024 an yi mata gyara, aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura, shekara 1 zuwa 3, sannan yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a shekara 2 zuwa 5, ban da tara. Yanzu a ce wani ya zauna gaban kwamfutarka da ta farka ba tambaya, ya rubuta zagin wani basarake ko wani jami'i da sunanka, ko ya tura jita-jitar hari cikin wani zaure. In aka zo bincike, sunan wa za a gani? Za ka ce ba kai ba ne, to sai ka kawo shaida. Kafin gaskiya ta fito ka sha zirga-zirga, kuma abin da mutane suka riga suka karanta ba ya gogewa daga zukatansu.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damun mu, domin ba naka ba ne, amana ce. Kwamfutar da ke biron makaranta tana ɗauke da sakamakon yara. Ta asibiti tana ɗauke da sunayen marasa lafiya da irin ciwonsu, har da wanda mutum bai gaya wa iyalinsa ba. Ta ma'aikatar magajin gari tana da takardun haihuwa da na aure. Ta ƙungiyoyin agaji tana da jerin waɗanda za a ba taimako, da ƙauyukansu da lambobin wayarsu. Mai shagon buga takardu kuwa, hotunan katin ɗan ƙasa na mutum ɗari suna cikin tasa. Ma'aikacin da ya cire lamba don kansa ya huta, sirrin wasu ya ajiye a bakin hanya, kuma ba su ba shi izini ba. Ba a banza aka kafa hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, aka yi mata doka tun 2017 ba. Amma hukuma tana Yamai, ba ita za ta zo ta rufe maka fuskar kwamfuta in ka tashi shan ruwa ba.

Kuma kar mu manta a ina muke zaune. Gundumarmu tana bakin iyaka, kuma kowa ya san abin da ƙauyukan da ke kusa da dajin Baban Rafi da gefen Gabi suka sha na satar shanu da ɗaukar mutane don kuɗin fansa. Waɗannan mutane ba duba suke yi ba, labari ake kai musu: wane ya sayar da shanu, wane ɗansa ya aiko da kuɗi, wane zai yi tafiya gobe. Irin wannan labarin a yau yana kwance cikin saƙonnin waya. A wani gari barin waya a buɗe sakaci ne kawai. A nan yana iya zama abin da ya fi haka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai masu cewa sa lamba alamar rashin yarda ce. Maigida ya sa lamba, uwargida ta ce me yake ɓoyewa. Shugaban biro ya rufe kwamfuta, abokin aiki ya ce ana zarginsa. Wannan magana tana da nauyi a al'adarmu, ba za mu raina ta ba. Amma ku duba, wane ɗan kasuwa ne ke barin shagonsa a buɗe da dare don ya nuna ya yarda da maƙwabta? Muna rufe rumbu, muna ɗaure akuya, ba wanda ya ce mun zagi unguwa. Wanda ka yarda da shi, ka ba shi lambar da bakinka, wannan zaɓinka ne. Cire lambar kuwa ba mutum ɗaya ka ba ba, kowa ka ba, har da wanda ba ka taɓa gani ba. Kuma ba kullum mugu ke ɓarna ba. Yaro ɗan shekara biyar mai neman wasa zai iya goge aikin wata guda, ko ya tura hoton cikin gida a zauren mutane ɗari biyu.

Wasu kuma na cewa ai ƙwararren ɓarawo zai iya buɗewa ko da lamba. Akwai gaskiya a ciki. In aka sace kwamfutar gaba ɗaya aka ciro ma'ajiyarta, ana iya karanta abin da ke ciki, sai fa in an kulle bayanan da tsari irin BitLocker da ke cikin wasu nau'o'in Windows. Amma yawancin ɓarnar da ake yi mana ba ta ƙwararru ba ce. Ta mai wucewa ce, wanda ya samu minti biyu da ƙofa a buɗe. Shi wannan, lamba huɗu ko shida ta ishe shi ya haƙura.

To mene ne mafita ga wanda ya gaji da bugawa? A rage wahalar, kar a cire ƙofar. A Windows 10 da 11 ana iya sa gajeruwar lamba ta alƙaluma maimakon doguwar kalmar sirri, kuma wannan lambar a kan na'urar kaɗai take aiki. Alƙaluma shida, daƙiƙa biyu ne. In barcin ne ya yi yawa, a ƙara lokacin zuwa minti biyar ko goma, ba a je wurin zaɓin shiga a danna «Jamais» ba. In za ka tashi, danna maɓallin Windows tare da harafin L, nan take ta kulle, ka mai da shi ɗabi'a kamar sa takalmi. Kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, a buɗe wa kowa nasa asusun, na yara daban, na aiki daban. Mai shago ya ware asusun baƙi, kuma ya riƙa goge takardun mutane bayan ya buga musu.

A waya, in tana karɓar yatsa a sa yatsa, wannan ya fi sauƙi ga dattawa. A ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa daga fuskar waya in tana kulle, don lambar tabbatarwa mai alƙaluma shida da ake aikowa kar kowa ya karanta ta daga nesa. A shiga WhatsApp a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a kuma leƙa wurin na'urorin da aka haɗa, duk wadda ba ka gane ba ka fitar da ita. In za ka bar waya wurin caji, kashe ta ya fi. Sannan don Allah a bar 1234 da 0000 da shekarar haihuwa, kuma a daina manna lambar a takarda jikin kwamfutar. Wannan kamar ka kulle ɗaki ne ka bar makulli a jikin kwaɗo.

Muna da kira na musamman ga matasanmu masu gyaran waya da kwamfuta. Ku ne ake kawo wa wannan buƙata. In baba ya ce a cire masa lamba, kar ku yi saurin cewa to. Ku ce masa: "Baba, bari in sa maka mai sauƙi, ko in sa yatsanka." Minti biyar na bayani zai iya tsare masa abin da ya tara a shekara. Shugabannin ma'aikatu da daraktocin makarantu su ma su mai da shi ƙa'ida, duk kwamfutar da ke ɗauke da bayanan jama'a ba a barin ta ta farka ba tambaya.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba za mu hana masu mugun nufi zama a duniya ba, amma muna iya daina sauƙaƙa musu aiki. Yau kafin ka kwanta, ka bar wayarka ko kwamfutarka ta yi barci, ka tashe ta, ka ga ko za ta tambaye ka. In ba ta tambaya ba, gyara ya kama ka. Ku faɗa mana yadda abin yake a birorinku da unguwanninku, kuma ku karanta wa iyayenmu da ba su iya karatu ba. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci, ya ba yankinmu zaman lafiya.