Wa Ke Ƙirga Shige da Fice a Ƙofofin Intanet Ɗinmu?

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, kwana uku muka yi a tsangayarmu muna fama da ɗora sakamakon jarrabawa, intanet na tafiyar hawainiya. Da muka zauna taro, nan take aka yanke wa ɗalibai hukunci: wai su ke cinye layin da kallon fina-finai, saboda haka a rufe musu. Ni ma na ɗaga hannu na goyi baya, kuma yau ina jin kunyar hakan, domin babu ɗayanmu da ya zo da hujja.

Wani matashin ma'aikacin sashen kwamfuta ne ya ja ni gefe, ya ce, "Dakta, in ba za ka damu ba, zo ka ga wani abu." Ya nuna mini zane huɗu, kowanne na ƙofa guda a jikin na'urar da ke rarraba mana intanet: ƙofar babban layin da muke saye, ta layin ko-ta-kwana, ta ofisoshin malamai, da ta ɗakunan kwanan ɗalibai. Kowane zane yana da launi biyu, kore na bayanan da na'urar ta karɓa ta wannan ƙofa, shuɗi na waɗanda ta tura. Ƙofar ɗalibai takan cika da daddare ta lafa da safe, wato ba ta takura mana a lokacin aiki. A babban layi kuwa, shuɗin ya tsaya ƙyam a sama dare da rana, kuma daidai wannan nauyi yana tahowa ne daga ƙofar ofisoshinmu. Da aka bi sawu, sai aka tarar da wata tsohuwar kwamfuta da ba a kashewa, wata muguwar manhaja ta shige ta, tana ta aika bayanai waje.

Dalilin da ya sa wannan ya hana mu aiki a fili yake. Mai karanta shafi ko kallon bidiyo karɓa yake yi, abin da yake aikawa kaɗan ne. Mai ɗora sakamako kuwa hanyar fita yake buƙata, ita ce kuma aka toshe. Da jimilla kawai aka duba, sai a ce layi ya cika a sayo ƙari, kuɗi su tafi, cutar tana nan.

Wannan ƙirga ba sabon ilimi ba ne. Tun 1988 aka fitar da ƙa'idar SNMP, wadda ke ba da damar tambayar na'ura adadin abin da ya ratsa kowace ƙofarta. A 1995 Tobias Oetiker na ƙasar Suwizalan ya fitar da manhajar MRTG, mai karanta wannan adadi duk bayan minti 5 ta zana shi, kuma kyauta ce. Sarakunan ƙofa na birnin Kano ma, tun daga Ƙofar Mata har Ƙofar Na'isa, kowa ƙofarsa ya sani, da mai shiga da mai fita.

Sakacin kuma ba a gida yake tsayawa ba. A watan Oktoba na 2016, manhajar Mirai ta tara ɗimbin kyamarori da ƙananan na'urori da masu su suka bari da kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani, ta kai hari kan kamfanin Dyn a Amurka, har Twitter da Netflix suka gagari jama'a da dama. Masu na'urorin ba su san da su ake yaƙi ba. Haka nan ranar 14 ga Maris, 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ma'aikatar da ba ta taɓa auna layinta na ko-ta-kwana ba, a ranar ta fara sanin ko zai iya ɗaukar kaya.

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan nake jan hankalin hukumomin jami'o'i. Ƙirga nauyin kaya daban, kwance ƙunshin mutum daban. Na'urar da ke auna adadi tana iya nuna shafukan da kowane ɗalibi ya ziyarta idan an saita ta haka. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin sadarwar ɗan ƙasa, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Ya kamata kowace jami'a ta rubuta ƙa'ida a fili: me ake tarawa, wa ke da ikon gani, tsawon wane lokaci ake ajiyewa, sannan a sanar da ɗalibai da ma'aikata.

Shawarata ita ce, kafin majalisar kowace tsangaya ta amince da ƙarin kuɗin intanet ko ta hukunta wani, ta nemi a kawo mata zanen kowace ƙofa na wata guda, shiga daban fita daban. Mu da muke koyar da ɗalibai cewa kada su faɗi magana ba tare da hujja ba, mu ne ya fi cancanta mu fara. An cire waccan kwamfuta, an buɗe wa ɗalibai layinsu, amma har yau ba mu ba su haƙuri ba. Ni dai ga nawa a rubuce.