Gilashin Zum: Kada Rashin Nauyi Ya Ruɗe Mu

Yau hirar tamu ta masu hoto ce, musamman samarinmu da suka fara zaro tsofaffin kyamarorin iyayensu daga adaka.

Ni ma haka na yi. Mahaifina ya baro Maraɗi ya zo fataucin hatsi a Tudun Hatsi, har Allah Ya zaunar da mu a GRA nan Gombe. Nikon FM2 ɗinsa na gada, wadda aka fara ƙerawa a 1982. Da hannu ake saita ta, ido ne alƙali.

Gilashin zum guda biyu na gwada a kanta. Na farko 35-70mm f/3.5-4.8, irin wanda ake haɗawa da Nikon FM10. Ba shi da nauyi ko kaɗan, har aljihun riga yana shiga. Na biyu Series E 75-150mm f/3.5 na 1980, mai nauyin kusan rabin kilo.

Ra'ayina shi ne, a bar duba nauyi, a duba lambar da ke bayan f. Idan ka zuƙo hoto da na farko zuwa 70mm, ƙofar haske takan tsuke ta koma 4.8, kusan rabin hasken ya tafi ke nan. Abin da kake leƙawa sai ya dushe, ka kasa gane ko fuska ta fito sarai, kuma dole ka sake gyara awon haske. Na biyu kuwa yana nan a 3.5 daga farko har ƙarshe.

Na ɗanɗana kuɗata. Dattawanmu sun taru a zaurenmu gab da magariba ana sallama da wani aminin Baba da zai koma gida. Da ƙaramin na ɗauka, fuskarsa ta fito dishi-dishi. Bayan 'yan watanni aka aiko mana da rasuwarsa. Allah Ya jiƙansa. Hoton da iyalansa suka roƙa ke nan, na rasa bakin magana.

Na san za a ce 75-150mm ba ya ɗaukar taro a ƙaramin ɗaki. Gaskiya ne. Kuma irin tura-jawo ne, idan ya tsufa yakan zame da kansa, sannan yana shaƙar ƙurar hunturu. Amma a hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Gombe, inda dawakai ba sa jiran kowa, shi ne ya fitar da ni kunya. Don cikin ɗaki kuma, a nemi ɗan'uwansa Series E 36-72mm, shi ma 3.5 ne bai canzawa.

Kafin ka biya kuɗi, haska tocila a cikin gilashin ka duba ƙura da fumfuna. Dattawan da suka kawo mu garin nan suna ta ƙarewa, kada araha ta sa jikoki su rasa fuskokinsu.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa.