In An Rufe Jami'a, Wa Zai Gaya Mana?



A ƙasashen sanyi irin su Amurka da Kanada, in dusar ƙanƙara ta toshe hanya, jami'a kan dakatar da karatu, kuma tun da asuba saƙo ke shiga wayar ɗalibi cewa kada ya fito. Mu a nan hunturu ba ya rufe makaranta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo zai turnuƙe, leɓe ya tsage, mura ta kama yara, amma ana shiga aji. Abin da ke rufe mana jami'a daban ne, sai dai sau da yawa rufewar ko buɗewar tana faɗowa a wannan lokaci na sanyi.

Ku tuna. Yajin aikin ASUU na 2020 an fara shi a Maris, ba a janye ba sai 23 ga Disamba. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, ya kai har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. A 2023 hukumar NUC ta ba da umarnin rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris saboda zaɓe, a daidai lokacin da takardun naira suka yi wuya, mutum da kuɗinsa a banki ya rasa na mota. Da aka ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris, lissafin ranar komawa ya sake rikice wa iyaye.

To, ta ina labarin ke zuwa mana? Ta bakin direba a tasha, ko hoton wata takarda da ake turawa a WhatsApp, ba kwanan wata, ba sa hannu. Wani ya ce an buɗe, wani ya ce ƙarya ne. Uba ya ciri kuɗi daga jarinsa na gero ko busasshen kifi, ya haɗa wa yaro garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ya sa shi a mota da asuba cikin sanyi da hazo, inda direba ko gabansa ba ya gani sosai. Yaro ya isa Damaturu ko Maiduguri ya tarar da ƙofa a kulle. Kuɗin zuwa da na dawowa sun tafi, ga kasadar hanya a banza. In 'ya mace ce, wani uban daga nan zai ce karatun ya isa haka.

A ganina wannan ba ƙaddara ba ce, gyara ake bukata. Ba na cewa makarantu ba sa sanarwa. Suna liƙawa a allo, suna sawa a shafinsu na intanet. Amma mai biyan kuɗin makarantar yana rumfa a kasuwa, rediyonsa a kunne, ba ya shiga intanet. Kowane ɗalibi ya ba da lambar waya ranar rajista. Me zai hana a tura gajeren saƙo gare shi da mahaifinsa, sannan a karanta sanarwar da Hausa a gidan rediyon jiha safe da yamma?

Mu ma da namu aikin. Kakanninmu sun biyo layin dogo da ya iso Nguru a 1930, kuma ba su taɓa ɗora kaya ba sai sun ji farashi daga amintacce. Yanzu ga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013 a ƙofar gidanmu, 'ya'yanmu kuma suna Kano da Zariya. Kowace unguwa ta zaɓi ɗalibi ɗaya mai hankali a kowace makaranta, wanda zai je ofishi ya tabbatar da idonsa kafin a sa kowa a mota. Wanda kuma ya samu takarda ba kwanan wata, don Allah ya riƙe ta a wayarsa, kada ya tura.

Allah ya kiyaye mana yaranmu a kan hanya, amin.