Takardar Koke Kan Harsunan Bakin Ruwa a Makarantun Ƙasar Yauri

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi na Jihar Kebbi,
Ta hannun Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi.

Ranka ya daɗe, mu malaman firamare da iyayen yara daga Yelwa, Ngaski da Shanga ne muka kawo kukanmu.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya shanye gungunan da Gungawa suka gada kaka da kakanni, aka mayar da jama'a tudu. Waɗanda suka ga wancan zama da idonsu sun tsufa, kullum raguwa suke yi. Jikokinsu ne a azuzuwanmu. Yaro zai jero maka kogunan Afirka tiryan-tiryan, amma ka tambaye shi sunan giwan ruwa da harshen Reshe na Gungawa, sai ya sunkuyar da kai, don ya ɗauka ƙauyanci ne. Harshen Shangawa ya fi tayar mana da hankali: ƙauyuka kaɗan suka rage da ake jin sa. Kambarci da yake da sauran ƙarfi, shi ma a ƙofar aji ake barin sa.

Abin da muke roƙo ba shi da yawa. A ba makarantun bakin ruwa wayar ɗaukar bidiyo, da lasifika, da farantin sola, tunda da yawansu ba su da lantarki. A koya wa malamai aiki da su. Ɗalibai su sauka kwata su ɗauki tsoho yana ɗinkin taru, yana bayanin yadda ake gane shigowar farin ruwa da baƙin ruwa, su ɗauki manomin albasa a fadama da matuƙan kwalekwale ranar bikin Rigata. A kalla a aji, dattijon na zaune ana yi masa tambaya da harshensa. Sharaɗinmu ɗaya: kada a ɗauki kowa sai da yardarsa, kuma kwafi ya zauna hannun dagaci.

Muna kuma roƙon fili a rediyon jiha duk mako. Hukumar ilimin makiyaya da ke Kaduna ta daɗe tana koyarwa ta rediyo, kuma 'ya'yan masunta na cikin aikinta. Hukumar HYPPADEC domin yankunan madatsun ruwa irin namu aka kafa ta. A nemi hannunta kan kuɗin kayan.

Allah ya taimake ka, a fara da tsofaffin da suka zauna a gungu kafin 1968.

Naku masu biyayya,
Malamai da iyayen yara na ƙasar Yauri.