Kiran mai saye ma da lokacinsa

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ke neman zama ruwan dare tsakanin masu sana'a a kasuwannin Damargu, tun daga Tarka har Belbeji da Tanut, wato yawan kiran "ku zo ku saya" ba dare ba rana. A kasuwa ana jan hannun mutum tun bai ajiye kayansa ba, a gidan rediyo ana nanata "ku hanzarta" ba adadi, a WhatsApp kuwa saƙon murya na bin saƙo har mutum ya daina buɗewa.

A ganina wannan asara ce. Ciniki irin na iyayenmu yana da tsari: a gaisa, mai saye ya duba kaya, ya taya, a ce albarka, ya ƙara, sannan a sallama, a bi shi da gyara. Dillalin da ya san aikinsa ba ya cewa "kawo kuɗi" sai mai saye ya duba haƙoran rago ya taɓa gadon bayansa. Talla ma haka take: a faɗi kayan, a faɗi kuɗin tiya, a faɗi rumfar, sannan a yi kira sau ɗaya.

Bugu da ƙari, sai an dubi aljihun mai saye. Manomin Damargu da kaka yake riƙe da kuɗi, wato watannin Oktoba da Nuwamba, in ya sayar da gero da wake. A nan ne mai atamfa da mai kwanuka za su ɗaga murya. Layya kuwa tana matsowa da kwana 11 ko kusa da haka kowace shekara. Ta 2024 da ta 2025 duk a watan Yuni suka faɗo, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A irin wannan yanayi, maigida yana bukatar a sanar da shi da wuri don ya yi tanadi, tsawa ana jajibirin salla ba ta ƙara masa ko dala.

Abin da ya fi muni shi ne ƙaryar "saura kaɗan ya ƙare". Kasuwar ƙauye mako-mako take ci, kuma fuskokin nan ne dai za su dawo. Wadda aka ruɗa ta dawo ta iske buhu cike ba za ta sake yarda ba, kuma sai ta gaya wa maƙwabta.

Don haka, Hajiya mai rumfa da Alhaji mai shago, ku ba mai saye sarari ya yi shawara. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.